Sharhi: A Ɗaga Tsohuwar Jif, Amma Zuwa Ina?



Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, akwai wata magana da ake yawan ji a bakin gareji a Birnin Kudu da Gwaram. Mai tsohuwar jif ne zai faka motarsa, Land Cruiser ce ko Pajero ko Patrol, ko kuwa Hilux da ta sha duniya, ya dubi makanike ya ce, “Oga, a ɗaga mini ita, a sa mata manyan shakazoba.” A kan wannan buƙata sharhinmu na yau zai tsaya.

Mutumin nan yana da hujja. Kudancin Jigawa ƙasar duwatsu ce da rafuka, ruwan sama kuma ya fi sauka a nan fiye da arewacin jihar. Ka bar kwalta a Babaldu ko Sara ko Kila ka nufi ƙauye a watan Agusta, za ka tarar da hanyar da manyan motoci suka haƙa mata kwari biyu suka bar tudu a tsakiya, ga taɓo, ga kwazazzabo, ga dutsen da ya leƙo daga ƙasa yana jiran cikin mota. Wajen Fagam da Farin Dutse kuwa hawa ne da gangara. Waɗannan tsofaffin motoci su ke shiga lungu su kwaso riɗi da zoɓo da gyaɗa zuwa kasuwar Sara. Su ke kai ma'aikatan rigakafi rugage. Su ake tasa da tsakar dare idan haihuwa ta zo da gardama, a ɗauko mace zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Motar da cikinta ke dukan ƙasa ba za ta yi wannan aiki ba. Don haka ban zo in hana kowa gyara ƙafar motarsa ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake yin gyaran, da yawan incin da ake nema.

Mu fara da kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane. Da yawa sun ɗauka shakazoba ce ke ɗauke da mota, shi ya sa da gindin mota ya zauna sai su ruga sayen shakazoba. Nauyin mota a kan sifirin yake, ko na ganye da ake jerawa falle-falle, ko mai naɗi, ko kuma sandar ƙarfe mai murɗewa irin wadda ke gaban Pajero ta shekarun 1990. Aikin shakazoba daban ne. Idan taya ta faɗa rami, sifirin ya lotsa ya dawo, ba zai tsaya nan take ba, zai yi ta lilo da motar. Shakazoba ce ke kashe wannan lilo. Bututu ne da mai a ciki, fistin yana tura man ta ƙananan ƙofofi, ƙarfin girgizar ya koma zafi ya fice. Da ita taya ke manne da ƙasa, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Ka sa sabuwar shakazoba a kan sifirin da ya mutu, motar tana nan a zaune yadda take, sabuwar kuma ba za ta daɗe ba.

Sifirin kuwa yana mutuwa. Ɗauki Land Cruiser samfurin 80, wadda Toyota ta ƙera a Japan daga 1990 zuwa 1997. Ko autarsu ta haura shekara 25. Ta yi rayuwarta ta farko a Turai ko Amurka, ko a wata ma'aikatar gwamnati kafin a yi gwanjonta, sannan ta zo nan aka shiga ɗora mata buhuna. Ka lissafa mutum bakwai da buhu biyar masu kilo ɗari-ɗari, ka kusa tan guda, alhali ba a yi ta don wannan nauyi ba. Ƙarfen da ya shekara da shekaru a danne dole ya sallama. Shi ya sa nake roƙon makanikanmu, kafin a yi zancen ɗagawa, a ajiye motar a wuri shimfiɗaɗɗe, a sauke kaya, a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi a ƙafafu huɗu. Sau da yawa za a ga baya ya fi gaba zama, ko gefen direba ya karkata. Irin wannan mota sabon sifirin na daidai da ita kaɗai zai maido mata da tsayin da ta rasa, mai ita ya ga kamar an ɗaga ta, alhali inda kamfani ya ajiye ta aka mayar da ita. Ga yawancin masu mota a yankin nan, gyaran da suke buƙata ke nan, ba ƙari.

To, a ce an wuce nan, ana son ƙarin tsayi na gaske. Me ake samu? Hancin mota da wutsiyarta sukan daina dukan ƙasa wajen shiga kwari da fita, cikinta kuma ya daina zama a kan tudu. Wannan riba ce, kuma mai shiga daji ya san darajarta. Amma ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin Land Cruiser ko Patrol, za ka ga ƙullin nan na tsakiyar aksul, inda haƙoran da ke raba juyi ga tayoyi suke. Shi ne ya fi kowane abu kusa da ƙasa, kuma a kan tayoyi yake zaune, sifirin yana samansa. Ko inci shida ka ɗaga bodi, ƙullin nan bai motsa ba, kuma shi tudun tsakiyar hanya ke kamawa. Babbar taya ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma rabin abin da ka ƙara take ba ka. Ka tashi daga taya mai inci 31 zuwa mai inci 33, inci ɗaya tak ka samu a ƙasa. A madadinsa motar ta yi nauyin tashi, birki ya ƙara wahala, shan mai ya ƙaru, wanda tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ba ƙaramin abu ba ne. Agogon gudu ma ya daina faɗa maka gaskiya: yana nuna 100, kai kuwa kana kan kusan 106.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau. Motar da ta fito daga ƙauye ba a daji take ƙare tafiyarta ba. Kilomita kaɗan take yi a burji, sai ta hau kwalta, ta bi ta Kwanar Huguma da Wudil zuwa Kano, tafiyar sama da kilomita 100, ko ta yi kudu ta nufi Ningi da Bauchi. A can ne ake biyan kuɗin tsayin da aka ƙara.

Kowace mota tana da cibiyar nauyi. Yarinyar da ta ɗauko tulu a ka ta fi wadda ta rungume shi saurin faɗuwa idan ta yi tuntuɓe, haka mota take. Hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka tana auna haɗarin kifewa da wani lissafi mai sauƙi: faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a raba shi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi. Duk yadda sakamakon ya yi ƙasa, haka motar ke kusa da kifewa. Mu yi misali. Mota mai faɗin santimita 160, cibiyarta a santimita 75, sakamakonta 1.07. Ka ɗaga ta, ka ɗora buhuna da jarkoki a kan rufi har cibiyar ta kai santimita 85, ya faɗo zuwa 0.94. Ƙananan motoci irin na haya da muke shiga kullum sukan kai 1.3 zuwa sama. Wato jif tun daga kamfani ta fi su kusa da kifewa, kai kuma ka ƙara matsar da ita. Sannan yawancin motocin 1990 da 'yan kai ba su da na'urar nan mai kwamfuta da ke kama birkin taya ɗaya-ɗaya idan mota ta fara zamewa, wadda Amurka ta wajabta wa sababbin motoci daga 2012. Babu mai ceton ka sai hannunka. Akuya ta yanko titi, ko ɗan acaɓa ya fito ba zato, ka karkata sitiyari da sauri ka dawo da shi, motar da da za ta yi kururuwar taya ta tsaya, yanzu sai ta ɗaga ƙafa biyu. A cikinta kuwa akwai 'ya'yan mutane, wasu ma a bayan buɗaɗɗiyar Hilux suke zaune a kan kaya.

Saboda haka ra'ayina a fili yake: inci biyu, wato kamar santimita biyar, nan ya kamata tsohuwar jif mai ɗaukar mutane ta tsaya. Ko a Ostareliya, inda shiga daji da mota ya zama sana'a, kamfanoni irin su ARB mai yin Old Man Emu suka yi suna a kai, kayan ɗagawar da aka fi sa wa motar aiki na wajen inci biyu ne. Ba rowa ce ta sa ba. Da ka wuce nan, sauran sassan mota sukan fara fita daga inda aka tsara su.

Tiyon birki na roba da ya sauko daga shasi zuwa aksul yana da iyakar tsawonsa. Ranar da ƙafa ɗaya ta rataya a kwari, sai ya miƙe ya tsage, birki ya tafi. Wannan kowa zai iya ganinsa da ido idan an ɗaga motar an bar aksul ya sauka. Akwai kuma wanda ba a gani. Tsofaffin Land Cruiser da Hilux suna da wani ɗan bawul a baya, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksul. Aikinsa shi ne ya ji ko an yi lodi: idan gindin mota ya zauna sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, idan ya tashi sai ya rage. Ka ɗaga mota ba ka gyara zaman ƙarfen nan ba, bawul ɗin zai riƙa ɗauka motar wayam take ko da buhu biyar ne a ciki, birkin gaba kaɗai ya rage da aiki. Direba zai ce tun da aka ɗaga motar birki ya yi sanyi, a canza masa takalmin birki sau biyu, matsalar tana nan. Malam makanike, don Allah ka riƙa duba wannan.

Sitiyari ma yana canzawa. A motocin da aksul ɗin gaba guda ne, ɗagawa tana juya shi kaɗan, sai motar ta riƙa yawo a kan titi, sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa bayan kwana. Akwai bushin na musamman da ake sawa don maido da shi. Sandar da ke riƙe aksul ta gefe tana jan sa ɓangare ɗaya. Farfela tana ƙara karkata, sai ka ji ruri a ƙasan kujera. Masu Pajero kuwa an saba ce musu ai tasu ba ta buƙatar sayen komai, noti ne kawai za a ɗaure a sandar murɗa, gaba ya tashi. Gaskiya ne zai tashi. Amma duk abin da ka ƙara a sama ka rage shi ne daga sararin da taya ke da shi na sauka cikin rami, motar ta koma dukan ƙashi, robar shaf ta yage, yashi ya shiga, boljoyin ya ci kansa kafin kaka.

Mu dawo kan shakazoba, tunda ita ake fara tambaya. Abokin gabarta a hanyoyinmu gargada ce. A kan burjin da ya yi tudu-tudu, fistin yana hawa da sauka ba hutawa, man ya yi zafi, ga kuma zafin bazara, har ya yi kumfa. Man da ya yi kumfa ba ya riƙe komai. Shi ya sa za ka ga mota ta taso lafiya, bayan rabin awa ta fara rawa, gindinta yana gudu gefe. Maganin da masu ƙera ta suka samo shi ne a matsa iskar naitirojin a ciki don ta hana kumfa, ita ce ake kira mai gas. Akwai mai bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya, wadda ta fi araha kuma ko dutse ya lotsa bayanta tana aiki. Akwai mai bututu ɗaya irin wadda Bilstein na Jamus ya shahara da ita, ta fi saurin huce zafi, amma idan dutse ya lotsa ta, ta gama. Ga mai yawo tsakanin duwatsun Gwaram da kuɗi daidai gwargwado, mai bututu biyu mai kauri, ta kamfanin da aka sani irin KYB ko Monroe, ta wadatar, in dai ta gaskiya ce.

In dai ta gaskiya ce, na ce. Mafi yawan kayanmu daga Kano ake sayo su, kasuwar Ƙofar Ruwa, inda akwai sabo, akwai na Beljiyam, kuma kamar kowace babbar kasuwa, mai kyau da jabu suna zaune kusa da juna. Kwali ba shaida ba ne. Ka je wurin wanda ka sani, ka karɓi rasit, ka duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen ta dace da motarka. Ka tsayar da ita ka danna da hannu, ka ja: ta gaskiya tana turjiya daga farko har ƙarshe, babu inda za ta zarce fanko. Ta Beljiyam kuwa ka tuna daga jikin wata mota aka ciro ta, ba ka san tafiyar da ta yi ba, fenti kuma ba ya maido da abin da ya cinye a ciki. Araha ba ta ado. A canza su biyu-biyu, hagu da dama tare. Ɗabi'ar nan ta huda shakazoba a ɗura mata mai a toshe da walda, a daina. Ta kwana kaɗan ce, kuma mai gas idan aka huda ta ko wuta ta taɓa ta tana iya fashewa a fuskar yaron gareji.

Tsawonta ma sai ya dace da sabon tsayin motar. Ka ɗaga mota ka bar gajeriyar shakazoba, ita za ta riƙa tsayar da aksul duk lokacin da taya ta sauka, har kunnenta ya tsinke. Ka sa wadda ta yi tsawo da yawa, sai ta ƙure kafin aksul ya kai ga robar da aka tanada don tare shi, duk dukan ya ƙare a kanta. Shi ya sa ya fi kyau a sayi sifirin da shakazoba waɗanda aka yi don juna. Kuma ga hanya mai sauƙi ta gane wadda ta mutu: bayan tafiya a gargada, ka tsaya ka kai hannu kusa da kowace ɗaya a hankali. Mai aiki za ka ji ta da ɗumi. Wadda ka ji ta sanyi ƙalau ba ta yin komai.

Ina girmama basirar maƙeranmu da masu walda, domin da hannunsu motoci da yawa ke tafiya a ƙasar nan. Ƙarin falle ɗaya a sifirin ganye ga motar lodi abu ne da aka saba, kuma idan an yi shi daidai a gefe biyu yana aiki. Amma sifirin da aka gasa a wuta don a lanƙwasa shi ya rasa ƙarfin da aka ba shi a masana'anta, ko dai ya sake zama cikin 'yan makonni, ko ya karye. Guntun ƙarfe ko katako da ake cusawa tsakanin aksul ɗin gaba da sifirin, da yankakkiyar taya da ake turawa cikin sifirin mai naɗi, waɗannan ba gyara ba ne. Ranar da aka taka birki da ƙarfi suke fita.

Akwai wani abu da tsayin mota ke sa wa direba a zuciya, wanda ya fi duk waɗannan ba ni tsoro. Yana ganin ya fi ƙarfin ruwa. Ya iso bakin rafi bayan an kwana ana ruwa, masu babur sun tsaya suna jira, shi kuwa ya sa giyar ƙafa huɗu ya kutsa. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai ƙafa biyu, kamar santimita 60, yana iya tafiya da yawancin motoci, har da jif. Inci biyunka ba su canza wannan ba. Kuma ba ka ganin abin da ruwa ya yi wa hanyar a ƙarƙashi. Mutanen Gwaram ba su manta da watan Agustan 2021 ba, lokacin da ambaliya ta karya gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, motoci suka afka, mutum 21 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Inda gada ta tafi, babu sifirin da zai ƙetar da kai. Wannan aikin hukuma ne, ta tarayya da ta jiha da ƙananan hukumomi: a duba gadoji da kwalbatoci kafin damina, a sa alama da shinge da zarar wuri ya karye, ko da dare ne. Duk kuɗin da talaka ke zubawa a ƙafar mota a yankin nan, wani kaso nasa kuɗin hanyar da ba a gyara ba ne.

Ga masu aikin da hannunsu, sifirin mai naɗi da aka matse yana ɗauke da ƙarfin da zai iya kashe mutum. A matse shi da abin matsewa na ƙarfe, ban da igiya ko waya. Kada yaro ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Notocin da ke ratsa bushin kada a ƙarasa ɗaure su sai an sauke motar ta zauna a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Daga nan a kai ta saitin ƙafa. A gyara fitilu, domin motar da aka ɗaga haskenta a idon mai tahowa yake sauka. Kai kuma mai mota, kafin ka ɗauki kowa, ka fita da ita wayam a hanyar da babu jama'a, ka gwada birki, ka ji yadda take shan kwana, domin ba motar da ka saba ba ce. Bayan tafiyar mako guda ka mayar da ita gareji a sake bin notocin da ke riƙe da sifirin da aksul, sukan saki bayan sabon ƙarfe ya zauna.